Ɗiyata ta samu gurbin binciken giya na hutun bazara, babanta ya ce ba da yawunsa ba

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kuma ina so wanda ya san abin ya yi min magana tsakani da Allah. Ɗiyata Ummi tana shekara ta biyu a jami'a nan Amurka, ilimin halayyar ɗan adam take karantawa da bayoloji, toh wata malamarsu ce ta matsa mata ta cike fom na wani shiri na hutun bazara, sati goma ne, za a haɗa ta da farfesa ɗaya da zai riƙa koya mata bincike hannu da hannu, akwai alawus akwai ɗakin kwana, a ƙarshe kuma ta tsaya ta gabatar da abin da ta yi. Shirin na yaran da irinsu ba su da yawa a harkar kimiyya ne, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda su ne na farko a gidansu da suka shiga jami'a. Jiya imel ya shigo an ɗauke ta, yarinya har da hawaye don murna. Matsalar ita ce binciken a kan GIYA ne, kuɗin ma daga wata hukuma wai NIAAA. Muna cin abinci ta faɗa, babanta da ya ji kalmar giya ajiye cokali ya yi ya ce shi bai kawo 'yarsa ƙasar nan don ta karanci barasa ba, me zai ce wa 'yan uwansa a gida. Sun ba ta zuwa Juma'a ta amsa. Ni na rasa ta cewa wlh.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni fa ina bayan Alhaji. Ba ma maganar haram ko halal ba, yarinya mai ƙwaƙwalwa ta zauna ta yi karatun jarrabawar shiga makarantar likitanci a hutun nan, ta zama likita a wuce wurin. Bincike bincike shekara nawa za ta yi kafin ta fara ganin kuɗi? Kuma duk cututtukan duniyar nan, ga sikila da ta addabe mu, ga suga ga hawan jini, sai giya? Mu da ba ma sha

Zee ta Bronx: Anti ina wuni, ma sha Allah barka da arziki, ki ce wa Ummi ina taya ta murna don wlh ba kowa ake ɗauka ba. Ni na bi irin wannan hanyar shi ya sa na kasa yin shiru. A nan Bronx aka haife ni, iyayena 'yan zangon Kumasi ne, babana tasi ya ja shekara da shekaru, a gidanmu babu wanda ya taɓa sanin mene ne digirin digirgir balle yadda ake shigarsa. Ni kaina sai da na shiga irin wannan shirin na ji cewa a Amurka idan ka samu gurbin digirin digirgir a fannin kimiyya mafi yawanci ba kai kake biyan kuɗin makaranta ba, su suke biya kuma su ba ka alawus. Na rantse ban sani ba, kuma ɗan farfesa tun yana firamare yake jin wannan a teburin cin abinci. Wannan shi ne amfanin shirin, abin da 'ya'yan wasu suke tsinta a gida mu sai an zaunar da mu an faɗa mana.

Baba, Baban Khalifa, da girmamawa, ai binciken ba ya hana likitanci, makarantun likitanci ma suna son ganin ɗalibi ya taɓa bincike, kuma takardar shaida daga farfesan da ya zauna da kai sati goma ta fi ta wanda ya gan ka cikin aji mai mutum ɗari uku.

Malam Na'ibi: Hajiya kafin a je ga amfani a fara da tambayar Alhaji don tambaya ce mai tushe. Hadisi ya zo da la'anta a kan giya ga mutum goma, har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai sayarwa, ba mai sha kaɗai ba. Saboda haka abin da nake so in sani shi ne me za ta riƙa yi da hannunta a wurin. Idan nazarin cutarwarta ne da yadda za a raba mutane da ita, wannan aikin magani ne, kuma Alƙur'ani da kansa a Baƙara aya ta 219 ya yi maganar zunubinta da amfaninta ya ce zunubin ya fi girma, wanda ya je ya ƙirga wannan cutarwa ya nuna wa mutane bai saɓa wa ayar ba. Amma idan za a ce ta tsiyaya ta miƙa wa mutum ya sha, nan kuma akwai magana. Wanda ya sani ya faɗa mana gaskiya, ana yin haka ko ba a yi?

Dakta Bakatsine: Malam Allah ya ƙara lafiya, gaskiya ana yi a wasu wuraren, ba zan ɓoye ba. Akwai ɗakunan bincike da ake kawo masu sa kai waɗanda suka kai shekara 21 a ba su giya gwargwadon nauyin jikinsu a auna abin da ya canja. A Jami'ar Washington da ke Seattle marigayi Alan Marlatt har ɗaki ya shirya mai kama da mashaya, wani a ce masa giya ce alhali ba ita ba ce, wani a ce masa ba ita ba ce alhali ita ce, sai aka ga wanda ya ɗauka ya sha yana sakin baki da surutu ko da babu ɗigon giya a kofinsa, wato wani ɓangare na abin da mutane ke kira aikin giya tsammani ne kawai da ke cikin kai. Daga irin wannan aiki aka gina wani tsarin nasiha na ɗan gajeren lokaci ga ɗaliban jami'a mai suna BASICS da ake amfani da shi har yau.

Amma wannan yanki ɗaya ne cikin fage mai faɗi. Akwai masu aiki da ɓeraye, akwai masu duba hoton ƙwaƙwalwa, akwai masu ƙwayoyin gado, akwai masu zama da kwamfuta suna tace amsoshin dubban mutane, akwai masu aiki a asibiti da waɗanda ke son su daina, akwai masu nazarin jariran da uwayensu suka sha lokacin goyon ciki. Ummi tana da damar ta rubuta wa mai kula da shirin yau ɗin nan ta ce saboda addinina ba zan yi aikin da ya shafi miƙa wa mutum giya ba, a haɗa ni da wani ɗakin. Wannan ba baƙon roƙo ba ne a wurinsu.

Ita NIAAA ɗin Hajiya ba kamfanin giya ba ce, reshe ce ta NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin tarayya da ke Bethesda a jihar Maryland, an kafa ta a 1970 takanas don matsalar shan giya. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙiyasta kusan mutum 178,000 ke mutuwa duk shekara a ƙasar nan sanadin shan da ya wuce kima, lissafin 2020 zuwa 2021 kenan. A Janairun 2025 babban likitan ƙasa na lokacin Vivek Murthy ya fitar da gargaɗi cewa giya na da hannu a ciwon daji iri bakwai, har da na nono da na hanji.

Malam Na'ibi: To alhamdulillahi wannan ya warware min. A rubuta musu ɗin, kuma amsar ta zo a rubuce Alhaji ya gani da idonsa.

Baban Khalifa: Na ji Dakta amma har yanzu tambayata na nan, matsalarsu ce ba tamu ba. Turawa su binciki abinsu.

Anti Nas Kaduna: Haba Baban Khalifa. Ka yi haƙuri amma wannan kalmar ta "ba tamu ba" ita ce take kashe mana yara. Shekarata goma sha a ɓangaren masu taɓin hankali da shaye-shaye, ka zo ka ga wa ake kawowa. Akwai wani dattijo da ya kawo ɗansa, saurayi mai karatu, hannunsa na rawa gumi na zuba yana ganin abubuwan da babu su a bango, uban ya rantse mana aljanu ne, sai da muka keɓe yaron likita ya tambaye shi a hankali ya ce kwana uku kenan bai sha ba don yana so ya tuba, 'yar leda yake saye yana ɓoyewa a cikin safa. Shi bai san cewa wanda jikinsa ya saba idan ya yanke lokaci ɗaya yana iya farfaɗiya har ya mutu ba, uban bai sani ba, limamin unguwarsu da ya yi masa nasiha ya daina nan take shi ma bai sani ba kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Mu ba ma sha a fili ne kawai. Kuma ko a arewa ai ba Musulmi ne kaɗai ba, ga burkutu ga ogogoro ga ta leda mai arha da yara ke iya saye da kuɗin tara.

Binciken da aka yi na ƙasa baki ɗaya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma wannan ma ba a haɗa da giya da taba ba. Ilimin jaraba ɗaya ne, wanda ya fahimci yadda giya ke kama ƙwaƙwalwa ya kama hanyar fahimtar kodin da tiramadol. Ni dai da 'yata ce da gudu zan kai ta.

Zee ta Bronx: Anti Nas Allah ya saka da alheri. Nan ma haka ne, yaranmu na nan suna shiga jami'a su ga abin ya zama ruwan dare kuma ba za su taɓa faɗa wa iyaye ba, likitan makaranta kuma idan ya ga hijabi ko ya ga sunan Muhammad sai ya tsallake tambayar, ya ɗauka ai ba sa sha.

Bari in ba Anti Maman Ummi hoton yadda ranakun suke don ta san me ake nufi da koyarwa hannu da hannu. Ni ɗakin ɓeraye aka fara kai ni. Kowane keji kwalba biyu ne, ɗaya ruwa ɗaya giya da aka sirka, aikina da sassafe in ɗora kowace kwalba a sikeli in rubuta nauyinta, in auna ɓeran shi ma, sannan in sauya wa kwalaben gefe don kada ɓeran ya saba da hannun dama kawai mu ɗauka giyar yake so. Sati na biyu na manta ban sauya wa keji huɗu ba, na kwana ban yi barci ba ina tunanin ko in yi shiru, da safe na je na faɗa wa farfesata jikina na ɓari. Matar nan ta jawo kujera ta ce in buɗe littafin aiki in rubuta kwanan wata da abin da ya faru da lambar kejin, ta ce kuskuren da aka rubuta ana iya gyara lissafi a kansa, wanda aka ɓoye shi ne yake lalata aikin shekara. Daga nan ta ware min rabin awa duk Alhamis, ni da ita kawai. Rubutuna na farko da na kai mata shafi ɗaya ne, ya dawo da jan biro ko'ina har ban ga baƙin ba, sau shida muna yi. Ita ta koya min yadda ake rubuta wa farfesa imel, yadda ake karanta takardar bincike a fara da jadawali kafin surutun, yadda ake cewa ban sani ba a gaban mutane ba tare da an ji kunya ba. Da na tsaya gaban fostata, allon da na baje sakamakon bincikena, a taron ABRCMS na ɗaliban binciken lafiya na ga ɗalibai dubbai baƙaƙe da 'yan Latin da 'yan asalin ƙasar kowa da aikinsa, wani farfesa ya tsaya ya yi min tambayoyi minti goma ya ba ni katinsa, a makarantarsa nake digirin digirgir yanzu.

Hajiya Mai Atamfa: Ma sha Allah Zee, Allah ya yi albarka. Amma ni tsorona ba giyar kwalba ba ce, zaman ne. Yarinya ita kaɗai sati goma a wani gari, ɗakin kwana da waye? Kuma na ji an ce su masu binciken in sun tashi aiki mashaya suke tafiya hira.

Zee ta Bronx: Hajiya gaskiya ne wani lokaci ana yi, musamman a manyan taruka akwai liyafar yamma da ake ajiye giya, abin mamaki har a taron masu binciken giyar. Amma shirin ɗalibai 'yan digirin farko da yawansu ba su kai 21 ba, doka ma ta hana a ba su, don haka taron shirin yawanci fiza ne da lemo. Ɗaki kuma mace da mace ake haɗawa, ta faɗa tun wuri tana son haka. Ni na gaya wa farfesata lokutan sallah tun ranar farko, ta nuna min wani ɗan ofis da ba kowa, nan nake shimfiɗa dardumata.

Injiniya Sokoto: Ni zan kawo ɗaya gefen don kada a ce duk zuma ce. Ƙanena ya yi irin wannan a wata jami'a, ba na giya ba amma tsarin ɗaya ne, farfesan da aka rubuta sunansa a takarda sau biyu ya gan shi duk hutun, ranar farko da ranar hoto. An jefa shi hannun wani ɗalibin digirin digirgir da shi ma kansa ya ɗau zafi, yaro ya ƙare yana wanke kwalabe da shigar da lambobi a kwamfuta bai san me ake nema da su ba. Ya dawo yana cewa shi bincike ba nasa ba ne, alhali ba a nuna masa binciken ba. Har yau abin na ci min rai don yaron yana da kai. Wasu suna karɓar yaran nan ne don su cike gurbi a rahoton da za su aika wa masu ba da kuɗi.

Dakta Bakatsine: Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, kuma wannan ya fi maganar giya muhimmanci a wurina. Shirin ba ginin ba ne ba alawus ɗin ba ne, mutumin da zai riƙe hannunta ne. Hajiya ga abin da Ummi za ta tambaya kafin Juma'a kuma ba rashin kunya ba ne: wa zan riƙa gani kullum, sau nawa zan zauna da farfesa a sati, ina da tambayata ta kaina da zan bi ko taya wani zan yi, kuma a ba ni ɗalibi ɗaya ko biyu da suka yi bara in yi magana da su. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni, shiri mai kyau da murna zai haɗa ta da su.

Dalilin da ya sa ake irin waɗannan shirye-shiryen tun farko ba tausayi ba ne. A 2011 Donna Ginther da abokan aikinta suka fitar da nazari a mujallar Science da ya nuna masu bincike baƙar fata da ke neman babban tallafin NIH suna ƙasa da fararen fata da kusan maki goma cikin ɗari wajen samu, ko bayan an daidaita karatunsu da makarantarsu da yawan abin da suka wallafa. Kuma an ga abin da riƙon hannu na gaske ke yi, shirin Meyerhoff na Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore da aka fara a 1988 da jagorancin Freeman Hrabowski, cikin waɗanda suka fito daga cikinsa akwai Kizzmekia Corbett da ta yi aiki a kan rigakafin korona na Moderna.

Sannan a fagen giya musamman, waye ke yin tambayar yana canja amsar. A 1979 an yi wani bincike kan shan giya tsakanin mutanen Inupiat a garin Barrow na Alaska, masu binciken daga nesa suka zo, suka kai sakamakon ga 'yan jarida, a 1980 ya fito a New York Times, aka wayi gari an yi wa al'umma guda tambarin mashaya a idon duniya. Har yau ana koyar da wannan a matsayin misalin yadda ba a yi. Shekaru ana yawo da zancen wai 'yan asalin Amurka jininsu ne ba ya jure giya, da aka zo aka duba alƙaluma da kyau sai aka ga kason waɗanda ba sa sha kwata-kwata a cikinsu ya fi na fararen fata. Baƙaƙen Amurka kuma a jimlace ba su kai fararen fata sha ba amma wanda ya sha a cikinsu ya fi haɗuwa da matsala, ta lafiya da ta 'yan sanda. Irin wannan tambayar wanda ya tashi a cikin unguwar shi ya fi saurin ganinta.

Anti Nas Kaduna: Dakta ka tuna min da fom ɗin nan na AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya goma da muke amfani da shi wajen auna shan giya. Tambaya ta biyu tana cewa kofi nawa kake sha a rana, to mai shan burkutu a ƙwarya ana zagayawa da ita kofi nawa zai ce? Kuma burkutun wannan gida da na wancan ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ga kunya, Bahaushe ka tambaye shi kai tsaye kana shan giya a gaban ƙaninsa ai ka san amsar. Sai ka iya zagaye, ka fitar da kowa, ka fara da barci da cin abinci. Wannan ba a littafin Turawa yake ba, sai namu sun shiga sun rubuta.

Dakta Bakatsine: Sosai Anti. Ko tsakanin Turawan ma ma'aunin bai zo ɗaya ba, a Amurka kofi ɗaya giram 14 ne na tsantsar giya, a Ingila giram 8.

Baban Khalifa: To na sauko kaɗan, amma maganar Barrow ɗin nan ta tuna min da gwajin maganin Trovan a Kano 1996 lokacin sanƙarau, yara 200, har yau mutanenmu ba su manta ba. Kada a mayar da 'yarmu 'yar aiken da za a riƙa turawa cikin jama'arta tana kwaso sirrinsu.

Zee ta Bronx: Baba wannan tsoron daidai ne kuma wlh shi suka fara koya mana. Kafin a bar ka ka taɓa bayanan mutum ko ɗaya sai ka yi kwas na ladubban bincike ka ci jarrabawarsa, a nan na fara jin labarin Tuskegee, 1932 zuwa 1972, shekara arba'in ana kallon baƙaƙen maza da ciwon tunjere ba a yi musu magani ba alhali an samu penisilin. Kowane bincike sai kwamiti ya duba shi kafin a fara. Ban ce yanzu ba a kuskure ba, amma gara a ce akwai tamu zaune a teburin da ta san Kano ta san Tuskegee, da a ce babu kowa.

Ɗan BUK: Salam manya, don Allah ni ina aji uku a nan gida, ina karanta saikoloji, ta yaya zan nemi irin wannan? A taimaka da link

Dakta Bakatsine: Ƙanena ba zan ɓata maka lokaci ba, irin waɗannan na kuɗin gwamnatin Amurka kusan duka sai ɗan ƙasa ko mai girin kad. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka gurbi ɗan damfara ne. Amma ainihin abin, wato malami ya riƙe hannunka, ba sai Amurka ba. Ka duba cikin malamanku wa ke wallafa bincike, ka karanta takardarsa ɗaya tsaf, ka je ofishinsa da tambaya a kanta ka ce kana so ka taya shi tattara bayanai ko kyauta ne. Ka koyi R, manhajar tace alƙaluman bincike, kyauta ake sauke shi. Ka nemi ayyukan cibiyar CRISA da Farfesa Isidore Obot ya kafa, sun daɗe suna binciken shaye-shaye a Najeriya kuma suna da mujalla. In ka gama digiri da takarda ɗaya mai sunanka da malamin da ya san ka da gaske, ƙofar digiri na gaba a waje a buɗe take, ni ta nan na bi.

Ɗan BUK: Na gode Dakta Allah ya ƙara girma, zan yi hakan insha Allah

Injiniya Sokoto: Dakta wai ba an rufe irin shirye-shiryen nan ba? Na ga labari kwanaki

Dakta Bakatsine: An rufe da yawa. Tun hukuncin kotun ƙoli na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai makarantu suka fara sauya ƙa'idojinsu, sannan a 2025 NIH ta yanke tallafin shirye-shirye irin su MARC da U-RISE, MARC ɗin nan tun shekarun 1970 yake. Na ga ɗalibai da idona da aka gaya musu a tsakiyar zango cewa alawus ya tsaya, wata ta koma aikin kanti da dare, aikin da ta yi wata takwas tana yi a ɗakin bincike ya tsaya cak. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Waɗanda suka rage da yawa sun buɗe ƙofa ga kowa suna duba halin gida da ƙarancin dama. Shi ya sa nake cewa Hajiya ku ƙara tambaya ɗaya, kuɗin bana yana hannu? Kuma shi ya sa ba na so Ummi ta ce bari sai baɗi, babu wanda zai yi mata alkawarin baɗi.

Malam Na'ibi: Hajiya in za ki yi wa Alhaji magana kada ki zo masa da alƙaluma tukuna, damuwarsa me mutane za su ce. Ki tuna masa hadisin Bukhari na mutumin da aka kawo ya sha giya, wani ya yi masa mugun baki, Annabi SAW ya hana, ya ce kada ku zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Wanda jaraba ta kama ɗan'uwa ne mara lafiya, kuma akwai magunguna da aka amince da su, na ji likitoci na ambatar naltrexone, wani ne ya zauna ya binciko su. In 'yan uwa sun tambaya ya ce tana koyon maganin shaye-shaye, kuma gaskiya ya faɗa. In yana so ni zan kira shi.

Maman Ummi: Jama'a na gode Allah ya bar zumunci, ban iya amsa kowa ba amma duk na karanta, wasu ma na karanta wa Alhaji da daddare, na Anti Nas sau biyu ya ce in maimaita, ya yi shiru ya ce akwai ɗan abokinsa a gida da aka yi ta kaiwa wurin masu ruƙiyya. Ummi ta tura imel ɗin da tambayoyin Dakta, sun amsa da safe, ɗakin da aka ba ta ba a ba kowa komai ya sha, farfesar mace ce tana nazarin barci da damuwa da shan giya tsakanin matasa 'ya'yan baƙin haure, amsoshin tambayoyi za ta riƙa tacewa, za su riƙa zama duk sati, kuɗin bana yana nan, kuma sun haɗa ta da wata da ta yi bara sun yi waya kusan awa ɗaya. Alhaji bai ce ya ji daɗi ba amma ya ce ta amsa musu, da sharaɗin shi zai kai ta da mota ya ga ɗakin kwanan ya gaisa da farfesar. Malam Na'ibi, Alhaji ya ce ka kira shi bayan isha'i. Zee don Allah zan turo miki lambar Ummi ta akwatin sirri, tana tambaya wai R ɗin nan da Dakta ya ambata ta fara koya tun yanzu ko ta jira.

Zee ta Bronx: Ta fara yanzu Anti, ko awa ɗaya a rana, zan tura mata darussan da na fara da su. Kuma ta sayi littafin rubutu mai ɗinki wanda ba a yage shafinsa, da biro ba fensir ba, ranar farko za su tambaye ta.